Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin lafiya da hukumomin gari a Arewacin Kamaru: ku tambayi mai hakin nan wane aiki ya yi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabannin lafiya na yankinmu, likitoci manya da ƙanana, majo-majo, wato manyan nas-nas da ke riƙe da ƙananan asibitocin unguwa, da ku hukumomin gari masu ba da izinin gini da na rushewa. Ina gaishe ku da aiki, ya gajiya, ya haƙuri da jama'a. Allah ya ƙara muku lafiya da juriya.

Ni dai ba likita ba ne, ko ajin karatun lafiya ban taɓa leƙawa ba. Ɗan magini ne ni, haifaffen Garwa, yanzu kuma kanikanci nake yi, ina da ɗan gareji. Wannan takarda na rubuta ta ne a madadin magina da kafintocin rufi da kanikawa da masu aikin famfo, da yaran da ake ɗauka aikin yini su fasa gini, da kuma iyayenmu mata da ke wanke kayan aikin duk waɗannan. A majalisarmu ta bayan isha'i aka yi maganar ƙurar tsohon kwanon rufi da cutar huhun da take jawowa, aka ce tunda ni ne abin ya taɓa cin gidanmu, kuma ni ne mai yawan danna waya, toh in rubuta. Idan na yi kuskuren lafazi a yafe min, zafin zuciya ne ba raini ba.

Abin da ya tayar da zancen shi ne, sati biyu da suka wuce an cire rufin wata tsohuwar makaranta a unguwarmu, irin kwanon siminti ɗin nan mai launin toka mai tudu da kwari da muke ce wa fibro. Wanda aka ba kwangilar ya kwaso samari kusan goma, ya ba su guduma, suna bisa suna farfasawa suna jefowa ƙasa, ga hunturu ga iska, ƙura ta turnuƙe har cikin ajin da yara ke karatu a gefe. Ba wanda ya sa ko kashne, wato ƙyallen rufe hanci. Da yamma mata da yara suka zo suna tsintar ɓaraguzan, wannan za ta rufe akurkin kaji, wannan zai kare bakin kwata, wani mai shayi ya ɗauki babba ya kare murhunsa daga iska tunda wuta ba ta cin sa. Na tsaya na ce wa ɗan kwangilar wannan abin guba ne fa, sai ya yi dariya yace shekara talatin yana aikin nan ko mura bai taɓa yi ba. Wallahi kalmar da babana ya riƙa faɗa kenan, ita ɗin dai, har lokacin da numfashi ya fara gagarar sa.

Tsofaffin kwanukan nan da yawansu an haɗa su ne da wani ma'adini da Faransawa ke kira amiyant, masu Ingilishi kuma asbestos. Zare-zare ne sirara ƙwarai, sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ido baya ganinsu, basu da wari, basa sa ka tari a ranar. Idan kwanon yana zaune lafiyarsa a kan rufi ba a taɓa shi ba haɗarin kaɗan ne. Sai an yanka da zarto, ko an huda, ko an fasa, ko an share garinsa da tsintsiya a bushe, sannan zaren ke tashi ka shaƙa, ya shige can ƙarshen huhu ya maƙale, jiki kuma baya iya narkar da shi. Daga nan sai ya yi shiru shekara 20, 30, har 50. Shi yasa mutum zai rantse maka aikin bai masa komai ba, kuma gaskiyarsa yake faɗa, lokacin ne bai yi ba.

Koke na farko, kuma shi ne babba, shi ne duk wanda ya zo asibiti da tari da haki da rama, tarin fuka kawai ake kallo. Ban ce laifi ne a fara da shi ba, mun san tarin fuka ya yi yawa a ƙasar nan, kuma mun gode da maganinsa kyauta ne. Amma idan an gwada kaki ba a ga komai ba, an sake gwadawa da na'urar GeneXpert ba a ga komai ba, ya sha magani wata shida bai ji sauƙi ba, ai ya kamata a tsaya a sake tunani.

Babana abin da ya fara ji shi ne haki. Mutumin da ke hawa tsani da bulo biyu a kafaɗa sai ga shi daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Sai wani ciwo a haƙarƙarin dama, ba mai suka kamar wuƙa ba, wani nauyi ne mai cin rai da baya tafiya dare da rana, wani lokaci ya hau har kafaɗa. Busasshen tari babu kaki. Abinci ya fita ransa, wando ya fara zamewa, da dare ya jiƙa zanin gado da zufa ko a cikin sanyin Janairu. Aka yi hoton ƙirji da muke ce wa radiyo, aka ce ruwa ne ya taru a gefe guda. Aka zuƙe kusan lita biyu, ruwan ja-ja kamar an wanke nama, ya samu sauƙi muka yi murna har Inna ta yi sadakar ƙosai. Sati uku ruwan ya dawo. Aka sa shi kan maganin tarin fuka duk da gwaji bai nuna ba, aka ware masa kofi da kwano, jikokinsa aka hana su shiga ɗakinsa, wannan ya fi ciwon ƙona masa rai. Wata shida ya cika, ruwa sau huɗu ana zuƙewa. Daga nan dangi suka ce ai wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne, wani abokin sana'a ne ya yi masa saboda kwangila, kuɗin da suka tafi wajen masu rubutu da hayaƙi Allah kaɗai ya sani.

A duk wannan zirga-zirga, wajen shekara guda, an tambaye shi ko yana shan taba, an tambaye shi ko wani a gida yana tari, an tambaye shi shekarunsa har ya gaji. Ba wanda ya ce masa Malam wane aiki ka yi da ƙuruciya. Sai da muka sayar da fili, muka hau mota zuwa Ngaundere muka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, wani likitan huhu ya dubi hoton eskana minti biyu, ya juyo yace Baba ka taɓa yanka fibro? Baba yace tun shekarun 1980 shi ke yi wa rabin unguwa rufi, da zarton hannu, daga baya da injin yanka. Likitan ya yi shiru. Aka ciri ɗan nama daga tantanin da ya lulluɓe huhu aka kai gwaji, sakamako ya fito, ciwon daji ne mai suna mezoteliyom. Wata biyar bayan nan muka kai shi makwancinsa, Allah ya jiƙansa da rahama.

Ranku ya daɗe, abin da ya ƙara min takaici da na zo ina karantawa daga baya shi ne wannan ruɗanin ba sabo ba ne, da shi ma aka gano alaƙar cutar da amiyant. A Afirka ta Kudu, a wani asibitin masu tarin fuka da ke Kimberley, likita ya lura akwai marasa lafiya masu ruwa a ƙirji da maganin tarin fuka baya yi musu komai, sai mutuwa suke yi, kuma daga yankin da ake haƙar shuɗin amiyant suke fitowa. A 1960, shekarar da Kamaru ta samu 'yancin kai, Dakta Wagner da abokan aikinsa suka fitar da rahoton mutum 33 masu mezoteliyom, kusan dukansu sun shaƙi ƙurar, wasu ma ba su taɓa aiki a mahaƙar ba, a kusa da ita kawai suka tashi suna wasa a kan tarin sharar. Sama da shekara 60 kenan, a nahiyarmu aka gano, amma har yau magini a Garwa zai sha maganin da ba nasa ba wata shida.

Na san likitocinmu sun karanta wannan a makaranta, ba koya muku zan yi ba. Amma majo a ƙauye mai ganin mutum hamsin a yini, da mu 'yan uwan mara lafiya, mu ne muke buƙatar a faɗa mana alamomin da yaren da muke ji. Hakin da ke ƙaruwa a hankali ga mutumin da ya haura 50. Ciwon ƙirji ko haƙarƙari na gefe ɗaya da baya jin magani. Tarin da ya wuce sati uku, ko tari da jini, ko dishewar murya da ta ƙi tafiya. Ruwa a ƙirji da ke dawowa bayan an zuƙe. Rama babu dalili, kasala, zazzaɓi sama-sama, zufan dare. Wani kuma ba a ƙirji yake kama shi ba, a tantanin ciki ne, sai ciki ya kumbura da ruwa yana ciwo a ce masa hanta ce. Akwai kuma waɗanda ba daji ba ne, huhun ne ke ƙandarewa da tabo har ya kasa buɗewa, shi ake kira asbestoz, a nan za ka ga kan yatsu sun yi kumburi farce ya lanƙwashe kamar bayan cokali. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ma ta tabbatar da amiyant na jawo dajin huhu da na maƙogwaro da na ƙwan mace. Ko ɗaya daga cikin alamomin nan shi kaɗai baya nufin daji, tarin fuka ma haka yake zuwa, ciwon zuciya ma haka. Abin da ke bambanta su tambayar nan ce guda, wane aiki ka yi, wace ƙura ka shaƙa, kayan aikin wa kike wankewa. Tambayar ko sefa ɗaya ba ta ci.

Koke na biyu, ba mu da inda za a tabbatar da cutar ba tare da mutum ya talauce ba. Ruwan da ake zuƙewa ko an duba shi sau da yawa baya nuna dajin, sai an yi eskana an kuma ciri naman tantanin. Mu mun yi sa'a muna da filin sayarwa, maƙwabcinmu mai aikin famfo da ya yi shekaru yana yanka tsofaffin bututun siminti, shi da irin alamomin ya rasu a ɗakinsa, har yau ba mu san mene ne ba, kuma ba za a taɓa sani ba. Wani zai ce tunda cutar ba ta cika warkewa ba meye amfanin sani. Gaskiya ne mafi yawan masu ita basa wuce shekara ɗaya zuwa biyu bayan an gano. Amma da mun sani da wuri da Baba bai sha maganin banza ba, da ba a raba shi da jikokinsa ba tunda ba a ɗaukar ta, da ba a zargi bawan Allah da jifa ba har zumuncin shekara arba'in ya lalace. Akwai aikin da ake yi a manne tantanin da hoda ta musamman ruwan ya daina dawowa, akwai allurar daji da ke ƙara wa wasu kwana, akwai maganin ciwo mai ƙarfi irin morfin da zai bar mutum ya yi barci ya yi sallarsa. Baba sai a satin ƙarshe ya samu wannan.

Na uku shi ne mu kanikawa, kuma nan da kunya nake magana don ni ma na yi. Idan muka buɗe birki, garin nan baƙi da ke ciki da iskar kwampireso muke hurewa, yaron gareji kuma da bakinsa. Tsofaffin fatun birki da faifan kuloci da gaskit na kan inji da amiyant ake yin su saboda baya jin zafi, kuma har gobe akwai ƙasashen da ke haƙarsa kamar Rasha da Kazakistan, da masu sarrafa shi kamar Indiya da Sin, mu kuma mai araha muke saye, kwali babu bayanin abin da ke ciki. Faransa ta haramta shi tun 1 ga Janairun 1997, Tarayyar Turai gaba ɗaya a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, ƙasashe sama da 60 sun hana. Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum sama da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Mu nan ko sanarwa ɗaya a rediyo ban taɓa ji ba, da Hausa ko da Fulatanci. Abin da muka gada daga iyayen gidanmu shi ne ka sha madara bayan aiki ta wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, zaren kuma a huhu yake, ban san wanda ya fara wannan ƙaryar ba amma ta ci mutane. Ga kuma taba, da yawanmu muna sha, ita ba ta jawo mezoteliyom amma idan ta haɗu da amiyant haɗarin dajin huhu ninkuwa yake yi sosai.

Sai matanmu. Inna shekara talatin tana kakkaɓe rigar aikin Baba a tsakar gida kafin ta jiƙa, mu muna zaune muna cin tuwo a wurin. A garin Casale Monferrato na Italiya inda aka yi masana'antar irin wannan kwano, matan ma'aikata da ba su taɓa taka ƙofar masana'antar ba sun mutu da cutar, ta hanyar wanki kawai. Yanzu duk lokacin da Inna ta yi tari sai gabana ya faɗi, ni ma kaina lissafin shekaru nake yi, don ina ɗan shekara goma ni ke riƙe wa Baba kwanon yana yankawa.

Toh ga abin da muke roƙo, kuma da gangan muka zaɓi wanda ba sai an jira kuɗi daga Yawunde ba.

A sa layi ɗaya a takardar karɓar mara lafiya a duk wurin da ake gwajin tarin fuka, na aikin da mutum ya yi a rayuwarsa ba wanda yake yi yau kawai ba, don tsohon magini yau mai tireda ne, idan ka tambaye shi sana'a tireda zai ce maka. A ba majo-majo umarni a rubuce cewa wanda gwajinsa bai nuna tarin fuka ba, ga ruwa a gefe ɗaya yana dawowa, ga tarihin fibro ko birki ko bututu, a tura shi gaba da wuri kar a jira wata shida. A samar da hanyar da za a riƙa cirar naman gwaji a nan Arewa a aika shi kudu, naman ya yi tafiyar maimakon mai hakin. Maganin ciwo mai ƙarfi kuma ya samu a manyan asibitocin yanki.

Ku hukumomin gari, dan Allah kar a ƙara ba da kwangilar cire tsohon rufi sai da sharaɗi a rubuce. A jiƙa kwanon da ruwa, a kwance ƙusa a sauke shi ɗungurungum ba fasawa, a naɗe a leda mai kauri a kai inda za a binne, ba bola ba, ba bakin Binuwai ba. Ma'aikata su sa takunkumi na gaske mai lamba FFP3, don kashne na yadi da rawani basa tare wannan zaren, kayan aikin kuma kar su je gida. Idan makaranta ce a yi lokacin hutu. A zagaya a ƙirga makarantu da asibitoci da kasuwanni da tsofaffin gidajen ma'aikata masu irin rufin, wanda yake lafiya a bar shi a sa masa alama kar wani ya zo ya huda, wanda ya ruɓe a fara da shi.

A ba mu minti goma a rediyo ko sau ɗaya a wata, likita ya zo ya yi bayani da Fulatanci da Hausa, mu za mu kawo kanikawa da magina su yi tambaya, limamanmu ma sun ce za su faɗa bayan sallar Juma'a idan aka ba su bayanin da suka amince da shi. Masu kula da ƙwadago kuma su nuna wa waɗanda suka yi aiki a kamfani suna da rajistar CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata, yadda ake kai maganar cutar da aiki ya jawo, don akasarinsu ba su san akwai wannan ƙofar ba. Irin su Baba da ba su taɓa riƙe takardar albashi ba kam sai dai Allah, amma ko sunansu a rubuta a wani littafi a san adadinsu.

Kafin duk wannan, tarin ɓaraguzan makarantar nan yana nan a bayan aji har yau da nake rubutu, jiya da na wuce yara na ƙwallo a wurin sun ɗauki guda biyu sun yi gola da su. Mu a majalisa mun yi karo-karo mun sayi leda, muna zuba masa ruwa safe da yamma da jarka, amma ba mu da mota kuma ba mu san inda aka yarda a binne ba. A turo mana wanda zai nuna mana wurin.

Na gode da haƙurin karantawa, Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Ɗan magini, bakanike a Garwa, a madadin 'yan majalisarmu